Amanar Kaftin Lambro a Gadar Melishta

A shekara ta goma bayan manyan ƙasashen Turai sun zauna a Berlin sun yayyanka ƙasar Sultan na Istanbul, wato 1888 a lissafin Nasara, a daidai lokacin da ƙanƙara ke narkewa a kan duwatsu makiyaya suna shirin haurawa da tumaki, Babban Bishop na birnin Argova ya aika a kira masa Kaftin Lambro Kondi. Kafin a yi girbin alkama a shekarar, wannan kira ya ci rayukan maza shida.

Labarin bai zo mana ta littafi ba. Alhaji Maidaji na Maradi ne ya tsinto shi a Guangzhou, inda yake sayen tayil da famfuna yana lodawa zuwa Lome. Akwai Turawa biyu da yake haɗa ɗakin ajiya da su a unguwar Liwan: Stavro, Bagirke, mai shirya takardun jirgi a tashar Nansha, da Ilir, mutumin Albaniya, mai fataucin fitilu. Ƙauyukansu suna kallon juna a kwari ɗaya, iyakar ƙasa ce kawai ta ratsa tsakani, kuma kowanne yana jin harshen ɗayan sarai. Amma shekara huɗu ba su taɓa shan shayi a tebur ɗaya ba. In ɗaya yana da magana da ɗaya, sai ya juyo ya gaya wa Maidaji da Turanci, shi kuma ya isar, alhali ga su tsaye kafaɗa da kafaɗa. Ran nan abin ya ishi Alhaji, a gidan abincin wata Balki da ke unguwar Dengfeng ya tambayi Ilir ko wata zumunta ce ta lalace tsakaninsu. Ilir ya kaɗa hannu ya ce "meyo," yadda masu kantin China ke faɗa in ba su da kaya. Daga baya dai kowanne ya ja shi gefe ya ba shi nasa ɓangaren, yana ba shi yana zagin ɗayan. Abin da ke biye shi ne inda bakinsu ya zo ɗaya, inda suka saɓa kuma za a faɗa.

A wancan zamani Sultan ba ya ƙidaya talakawansa da harshe, da addini yake ƙidaya su. Duk Musulmi Baturke ne a takarda, ko da bai iya gaisuwar Turkanci ba. Kirista kuwa yana ƙarƙashin limaman Girka: da Girkanci ake raɗa masa suna, da shi ake ɗaura masa aure, da shi ake binne shi. Mutanen kwarin Argova Albaniyanci suke yi a gida da kasuwa, Musulminsu da Kiristansu, amma ba a rubuta shi, ba a kuma yarda a rubuta ba. Girkawa sun daɗe da sa kwarin a cikin gadonsu, suna jiran ranar da Baturke zai faɗi su ɗauka. Kwatsam sai manyan Albaniyawa na addinan biyu suka taru, suka ce su al'umma ce mai kanta, ba Turkawa ba, ba Girkawa ba, kuma ko taƙi ɗaya na ƙasarsu ba za a miƙa wa Atina, babban birnin Girka, ba. Wannan magana ta ƙona ran Girkawa fiye da duk abin da Baturke ya taɓa yi musu, don sun ɗauka ƙanensu ne ya tashi ya ce ba ubansu ɗaya ba. Jaridun Atina suka ce kuɗin Ostiriya ne ke magana a bakin mutanen.

Lambro yana cikin waɗanda abin ya fi ƙona. Kaftin da ake ce masa ba muƙamin soja ba ne, sarautar dutse ce: mayaƙa arba'in ke bin sa, suna tsare hanyoyi da gidajen ibada, Baturke yana kau da kai muddin ba a taɓa harajinsa ba. Kakansa ya mutu a yaƙin 'yancin Girka, kuma da Albaniyanci ya yi ihun mutuwarsa. Lambro bai taɓa ganin wani karo a cikin wannan ba. Shi ma da harshen yake magana da tsohuwarsa, da shi yake zagin alfadarinsa. Girkancinsa na makarantar coci ne, mai nauyi a baki. A wurinsa harshen gida na murhu ne da garke, Girkanci kuwa na Allah ne da littafi, kuma duk wanda ya ce a rubuta na murhu, to yana so ne ya haɗa Kirista da Musulmi a inuwa ɗaya ya raba shi da Girka. Mutum ne mai zafin rai, mai gaskiya, kuma kamar yawancin masu gaskiya irinsa, bai iya zargin babba ba.

Da ya isa fada ya sumbaci hannun Bishop, sai ya tarar da baƙo zaune a dama: wani saurayin hafsa mai gashin baki a murɗe, sanye da kayan fatake. Aka ce masa sunansa Laftanar Perikli, wata ƙungiyar asiri ce ta turo shi daga Atina da mutum huɗu. A kan tebur ga wani ɗan littafi, bai kai tafin hannu biyu ba. Bishop ya ture shi da kan sandarsa, bai taɓa da hannu ba. Littafin koyon baƙi ne na Albaniyanci, an buga shi a wata ƙasa mai nisa. Ya ce an riga an karanta tsinuwa a dukan cocin kwarin, cewa duk wanda ya kai ɗansa wurin mai koyar da shi, ba suna, ba aure, ba kabari a harabar coci. Duk da haka mai koyarwar bai daina ba. Ya ma kwashe makarantar ya mai da ita soron kakanninsa a ƙauyen Melishta, ya zaunar da 'ya'yan Kirista da na Musulmi a benci ɗaya. Ana so a rufe makarantar, a ƙone littattafan, a kawo malamin fada ya tuba a bainar jama'a. Hakimin Turkawa ma ba ya son makarantar, don haka ya tura sojojinsa can wani kwari, ba zai ji ƙarar bindiga ba.

Lambro ya san sunan tun kafin a faɗa. Sotir ne, kuma Sotir kumbar ɗinsa ne.

Sai an san abin da kumbar yake kafin a gane sauran. A duwatsun nan ba a taɓa gashin jariri sai ya cika shekara. Ranar askin, uba yakan zaɓi namiji ɗaya wanda ba jininsa ba, ya miƙa masa almakashi. Daga ranar gidajen biyu sun zama abu guda, ba aure tsakaninsu, ba jini, kuma ana ganin wannan ɗauri ya fi na haihuwa ƙarfi, tunda ɗan'uwa ba ka zaɓe shi ba. Shekara shida da suka wuce, Sotir ne ya yanke gashin Maro, 'yar Lambro tilo. A lokacin malami ne a makarantar Girkanci, abin alfaharin kwarin, kafin ya tafi fatauci ƙasashen arewa ya dawo da wannan ra'ayi.

"Ranka ya daɗe," in ji Lambro, "da ransa ake son sa?"

"Coci ba ta shan jini, ɗana," in ji Bishop. "Tuba muke so."

Lambro ya ɗauki wannan a matsayin alkawari, ya sake sumbatar hannu ya fita. Bai tambayi hafsan komai ba, don a ganinsa in babba ya yi magana, ƙarami ba shi da wata ta daban.

Da ya biya gida ɗaukar makamai, tsohuwarsa tana kaɗi a bakin ƙofa. Ba ta jin Girkanci ko kalma goma, kuma rigimar al'umma ba ta dame ta ba. Ta ce masa kawai ya tuna hannun wa ya fara taɓa kan Maro. Ya ce ya tuna, shi ya sa ma ya karɓi aikin da kansa, don kada a tura wani. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da kaɗinta.

Kwana biyu kafin su isa Melishta suka tare wani ayarin alfadarai a mashigin dutse. Madugun ya rantse gishiri ne da taba. Da aka farke buhuna, sai ga littattafai ɗari biyu a naɗe cikin fatar akuya. Lambro da hannunsa ya cinna musu wuta, kuma ya tsaya har suka zama toka. Ilir ya ce da dariya ya yi shi; Stavro ya ce bai ce uffan ba. Dukansu dai sun yarda shi ya kunna.

Soron Sotir ginin dutse ne hawa uku, ƙofa ɗaya ta ƙarfe, tagoginsa 'yan tsaga ne na leƙa bindiga. Da labarin ayarin ya iso, Sotir ya sallami yaran gida, ya kulle kansa ciki da matarsa Lena, da 'yan'uwansa maza uku, da wani Musulmi mai injin niƙa wanda ya ce shi ma 'ya'yansa a nan suke karatu. Lambro ya kewaye soron, ya toshe bututun da ke kai masa ruwa daga marmaro. Aka yi kwana goma sha ɗaya.

Kai, yaƙin nan abin takaici ne! Na waje da na ciki sun san juna tun suna kiwon awaki. Da safe sai a yi ta jifan juna da zagi ta tsagar bango, har da sunayen iyaye da tsofaffin asirai, duk da harshe ɗaya, Perikli yana zaune a bayan dutse sai an fassara masa. Yana jin su yana yatsina fuska, yana cewa wannan ba harshe ba ne, haushin karnuka ne, kuma a gaban mutanen da suka zo mutuwa dominsa yake faɗa. Su kuma suna haɗiyewa, don daga Atina ya zo. A rana ta biyar mutum biyu na Lambro suka yi ƙoƙarin kai gatari ƙofa, aka harbe su. A ta bakwai ƙanen Sotir ya leƙo neman ruwan sama da bokiti, harsashi ya same shi a wuya. Daga nan zagin ya daina zama na wasa.

Perikli ya ce a tara itace da kananzir a jikin ƙofa a gama. Lambro ya ƙi, ya ce akwai mace a ciki. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji a gaban bindiga ba: in Sotir ya mutu a wannan kewaye, jinin kumbar yana wuyansa, kuma ba wankan da zai fid da shi. A rana ta goma sha ɗaya da hantsi ya ajiye bindigarsa da wuƙarsa a kan dutse, ya taka shi kaɗai zuwa ƙofar.

Sotir ya buɗe. Leɓensa duk sun tsage don ƙishi, amma sai da ya nuna wa baƙon wurin zama kafin ya zauna. Lambro ya miƙa masa gorar ruwa, shi kuma Sotir ya miƙa wa Lena, bai sha ba. Suka jima suna musu. Lambro ya zarge shi da cewa ya sayar da jinin kakanninsu, ya zaunar da 'ya'yan masu gicciye da jikokin waɗanda suka yanka su. Ya ce ran da Baturke zai tafi, in ba Girka a bayansu, Ostiriya da Italiya za su cinye su ɗanye. Sotir ya ce shekara ashirin yana jin ana karanta wa tsofaffi addu'ar gawa da harshen da ba sa ji, suna ta gyaɗa kai kamar tumaki, kuma ya gaji.

"Kumbar," ya ce, "uwarka za ta mutu ba ta taɓa jin abin da liman ke faɗa a kanta ba. Wannan bai taɓa damunka ba?"

"Allah yana ji, ya isa," in ji Lambro. "Kumbar, ban zo musu ba. Gobe za su sa wuta. Fito mu je wurin Bishop. Ya ce min da bakinsa ba jini."

"Ba zan tuba ba. Zan faɗa masa haka a fuskarsa."

"Faɗa masa abin da ka ga dama. Ni dai ka isa da ranka."

"To ba ni besa."

Besa ita ce amanar mutanen dutse, kuma tana da ƙa'idodi da kowane makiyayi ya sani. Mai ba da ita yakan ɗora dutse a kafaɗarsa ya rantse. Sannan ya fito fili ya shelanta sau uku cewa wane yana cikin amanarsa daga nan zuwa wuri kaza. Duk mai ja sai ya yi magana a lokacin. Wanda ya yi shiru ya yarda ke nan, kuma ya ɗauru. Bayan haka mai amanar yakan wuce gaba, wanda aka ba amanar ya bi shi, babu ɗauri, babu masu gadi a gefe. Sa gadi cin mutunci ne, don yana nufin maganar mutum ba ta isa ita kaɗai ba.

Lambro ya ɗauki dutse daga bakin murhu ya ɗora a kafaɗa, ya rantse. Sotir ya miƙa masa bindigarsa ta wajen gindi. Suka fito. Lambro ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga murya sau uku: Sotir na Melishta yana cikin amanarsa daga wannan ƙofa har ƙofar Bishop. Mayaƙansa suka sunkuyar da bakin bindigoginsu ƙasa, har da 'yan'uwan waɗanda aka kashe. Sannan ya juya wurin Perikli ya maimaita masa da Girkanci, ya bayyana masa ma'anarta dalla-dalla. Perikli ya saurara, ya murɗa gashin bakinsa, bai ce komai ba. Zuciyar Lambro ta kwanta. Shi bai taɓa haɗuwa da namijin da zai yi shiru a gaban besa sannan ya karya ta ba, kuma tunda ya yi imani shi da hafsan al'umma ɗaya ne, bai zo masa a rai cewa shirun Atina daban yake da na dutse ba. Wani tsohon mayaƙinsa ya raɗa masa cewa a sa mutum biyu a bayan malamin saboda baƙin nan. Lambro ya harare shi ya ce yaushe maganarsa ta fara neman ɗan rakiya.

Suka kama hanya da azahar, Lambro a gaba, Sotir a bayansa da taku biyar, sauran kuma a baya. A ƙasan ƙauyen akwai wata tsohuwar gada ta dutse, ƙunci gare ta, mutum ɗaya-ɗaya ake haye ta. Lambro ya kai tsakiya sai ya ji ƙara. Da ya waiwaya, Sotir yana durƙushe, ya dafa bangon gadar, jini yana fita ta ƙirjinsa, Perikli kuma yana tsaye a bakin gada da ƙaramar bindiga tana hayaƙi, mutanensa huɗu sun kewaye shi. Sotir ya dubi kumbar ɗinsa kawai, ya kife.

Perikli bai ɓoye dalilinsa ba. Ya ce in an kai mutumin fada ya ƙi tuba a gaban jama'a, an naɗa masa rawani ke nan, gobe kowane ƙauye zai fitar da nasa malamin. Ya ce umarnin da ya zo da shi daga Atina ya girmi dutsen da aka ɗora a kafaɗa. Stavro ya nace cewa Sotir ya yi yunƙurin gudu ne. Da Maidaji ya tambaye shi ina mutum zai gudu a kan gadar da ba ta ɗaukar mutum biyu, sai ya ce shi haka kakarsa ta faɗa masa.

Mayaƙa talatin da takwas suka zuba wa Lambro ido, suna jiran ya ɗaga yatsa. Bai ɗaga ba. Wannan shi ne abin da mutanen Ilir ba su yafe masa ba har yau. Amma a ransa akwai sauran wuri ɗaya da gaskiya take, wato fada. Ya ɗora gawar a kan alfadarinsa, shi ya bi ta da ƙafa, yini biyu, har ƙofar Bishop, inda ya ce zai kai shi.

A zauren fada ya kwantar da gawar a gaban kujera, ya ce ya zo neman hukunci a kan wanda ya karya masa amana. Bishop ya nuna baƙin ciki, ya ce ba haka ya so ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma ya ce rantsuwar da aka yi wa tsinanne ba ta ɗaure Kirista, shi da kansa zai warware masa ita yanzun nan, ya tafi da zuciya fara. Hafsan kuwa baƙon ƙasa ne, ba a taɓa shi. Lambro ya ce to a ba shi kabari a harabar coci. Bishop ya ce wanda ya mutu bai tuba ba, ba shi da wuri a can.

"Ranka ya daɗe," in ji Lambro, "bai tuba ba don ba a bar shi ya iso ba."

Perikli ne ya amsa, daga kujerarsa ta dama. Ya ce Girka ƙasa ce ta doka, ba ta duwatsu a kafaɗa ba, kuma in ana so a mai da mutanen kwarin nan Girkawa na gaske, irin waɗannan al'adu na Turkawan Albaniya ne za a fara kankare musu. Ya faɗa da murmushi, kamar mai ba da shawara. Lambro ya dubi Bishop yana jiran ya tsawata masa. Bishop ya dubi zobensa.

Akwai wani fili mai ƙaya a bayan gari inda ake jefa tsinannu da waɗanda suka kashe kansu. Nan Lambro ya haƙa kabari shi kaɗai ya binne Sotir. Da ya koma gida, cikin mutanensa tara ne suka rage. Sauran sun watse ba sallama, don ba wanda zai bi Kaftin ɗin da amanarsa ba ta tare harsashi. A hanya mutane suna ganinsa suna juya fuska zuwa bango. Tsohuwarsa ta zuba wa kowa abinci ta tsallake shi, matarsa ce ta saci hanya ta kai masa. Bayan mako guda Lena ta zo. Ba ta shiga ba, ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a ƙofa ta ce mazan da suka rage a gidansu ba su ba da amanar ba, shi ya bayar, don haka ramuwar jinin a wuyansa take. Maro tana laɓe a bayan uwarta tana jin komai.

Kwana arba'in Lambro ya yi yana juya abin. Ya san in ya taɓa hafsan Atina, ya rushe duk abin da kakansa ya mutu a kai, kuma sunansa zai shiga bakin maƙiyan Girka. Ya kuma san in bai taɓa shi ba, 'yarsa za ta girma a matsayin 'yar wanda ya kai kumbar ɗinsa mahauta. Bai daina ƙin makarantar ba ko da rana ɗaya. In aka ambaci littafin sai ya tofar da yawu. Abin da ya kasa shi ne cin abinci.

Ranar kasuwar Argova, da rana tsaka, Perikli yana zaune a gaban shagon mai gahawa. Lambro ya tsaya nesa da shi taku goma, ya kira sunansa, don a al'adarsu ba a harbin mutum sai an kira shi ya juyo. Perikli ya juyo. Harbi ɗaya ne. Lambro ya ajiye bindigar a ƙasa, ya zauna a kan dakali, bai gudu ba, har sojojin Turkawa suka zo suka ɗaure shi.

Hakimin Turkawa ya ji daɗin shari'ar nan ƙwarai, don ba kullum Kirista ke kashe masa ɗan leƙen asirin Atina kyauta ba. Ya yi masa tayi: in ya faɗa a gaban jakadun Turai cewa shi ɗan Albaniya ne wanda ya tashi kare ƙasarsa daga makircin Girka, za a mai da hukuncin ɗauri, bayan shekara biyu ya koma gida. Wasu manyan Albaniyawa ma suka aiko masa cewa ya karɓa. Aka tara jama'a, magatakarda ya ɗaga alƙalami, aka tambaye shi shi wane ne.

"Ni Bagirke ne," in ji Lambro, "ɗan Bagirke, jikan wanda ya mutu domin Girka. Rubuta haka."

Aka rataye shi a bakin kasuwa bayan kwana uku. A Lahadin da ta biyo aka karanta tsinuwa a kansa a dukan cocin kwarin, wata jarida a Atina kuma ta rubuta cewa wani ɗan fashi Ba'albaniye da Turkawa suka saya ya kashe gwarzon al'umma. Tsohuwarsa ta zauna a ƙofar fada yini uku tana roƙon kabari. Ba a ba ta ba. Ita da surukarta suka ja gawar a kan tsani zuwa filin ƙaya, kuma da yake wuri ɗaya ne kawai ƙasar ke da laushi, inda aka taɓa haƙawa, a gefen Sotir suka sa shi.

Haka bakin biyu suka kawo ƙarshensa. A ƙauyen Stavro ana kiransa maci amana, wanda ya harbi hafsan ƙasarsa a kasuwa. A ƙauyen Ilir ana kiransa karen Bishop, wanda ya ƙone littafi ɗari biyu ya kai malami gada. Sotir yana da waƙa, Perikli yana da allon marmara a wata coci, Lambro ba shi da ko ɗaya. Makarantar ta sake buɗewa bayan shekara tara, a hannun wani. Kwarin da aka yi ta kashe-kashe a kansa, daga baya wasu jakadu da ba su taɓa shan ruwansa ba suka zo suka raba shi biyu da fensir.

Ni dai abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan. A cikin duk mutanen labarin, Lambro ne kaɗai ya gaskata da zuciyarsa cewa Bagirke da mutumin dutse abu ɗaya ne. Bishop yana faɗa ne don mulki, hafsan yana faɗa ne don ƙasar da yake so ya ƙara wa taswira, kuma ran da abin ya zo gwaji, dukansu sun san bambancin sarai. Masu iko sukan kira mutum ɗan'uwa muddin bindigarsa suke so, kuma ba sa gaya masa ranar da 'yan'uwantakar za ta ƙare. Allah ne ya san hukuncinsa. Amma wallahi ina jin tausayin mutumin, don ya mutu yana kiran sunan gidan da ya riga ya kulle masa ƙofa.